Yadda Ake Goge Ƙarafan Babur Har Su Yi Sheƙi Kamar Madubi

Duk wanda ya sayi tsohon babur a Yamai da niyyar warware shi ya sake haɗa shi yadda ransa yake so, akwai ranar da zai baje sassan a kan tabarma, ya ga murfin inji ya yi dishi-dishi kamar gindin tsohuwar tukunya, ƙafafun shoka sun yi zane, salansa kuwa tsatsa ta fara ci. Mafi yawan mutane a wannan rana sai su nufi shago su sayo man goge ƙarfe, su yini suna murza shi da tsumma, da yamma su tarar ƙarfen ya yi ɗan haske amma duk zanen da ke jikinsa yana nan, har ma ya fi fitowa fili. Dalilin haka shi ne man gogewa ba ya cire zane, iyakarsa ya haskaka abin da ya tarar. Sanfefa ce take yin sheƙin, mataki bayan mataki, kuma a nan ne kusan dukkan lokacin aikin yake tafiya. Wannan bayani ya shafi kowane irin babur, ko tsohuwar Honda CG125 da aka fara ƙerawa a 1975, ko Yamaha XT500 irin wadda Cyril Neveu ya ci tseren Paris zuwa Dakar na farko da ita a 1979, tseren da ya ratsa ta Agadez da Yamai, ko kuma Kasea da Haojue da Boxer da suka cika titunanmu yau.

Sanin irin ƙarfen da ke hannunka

Kafin ka taɓa sanfefa, wajibi ne ka tantance kowane sashe, domin babur ɗaya yana ɗauke da ƙarafa iri huɗu ko biyar, kuma abin da zai gyara wani shi ne zai lalata wani. Ka nemi maganaɗisu, ko da na tsohuwar lasifika ne, ka bi sassan ɗaya bayan ɗaya. Wanda maganaɗisu ya kama da ƙarfi baƙin ƙarfe ne, ko dai an yi masa fenti ko an lulluɓe shi da kurom ko da zinki. Wanda bai kama ba kuma ba shi da nauyi, galibi alminiyam ne, kuma shi ne murfin inji na dama da na hagu, da ƙasan shoka ta gaba, da cibiyar ƙafa, da hannun birki da na kuloci. Wanda bai kama ba amma yana da nauyi kuma bai yi tsatsa ba, shi ne ƙarfen da ake kira inokis, wanda aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari na jikinsa sinadarin kurom ne.

Akwai wani ƙarfe da yake rikita mutane, wato magneziyam, wanda ake samu a murfin injin wasu baburan daji. Ya fi alminiyam rashin nauyi, kuma sau da yawa akan buga sunansa a jikin murfin. Idan kana shakka, ka kankare ɗan wuri a cikin murfin inda ido ba ya gani, ka ɗiga ruwan khal. Idan ya fara kumfa, magneziyam ne, alminiyam kuwa ba zai motsa ba. Shawarata ita ce kada ka goge magneziyam, domin garinsa yana kama wuta da sauƙi, ruwa ba ya kashe wutar, kuma ko ka goge shi ba zai daɗe ba zai koma toka-toka. Fenti ne ya dace da shi.

Kurom ma yana bukatar hattara. Abin da kake gani yana ƙyalli a kan salansa ko a kan hannun babur fata ce siririya ƙwarai, wadda kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, a ƙarƙashinta akwai nikel, sannan baƙin ƙarfe. Sanfefa tana ratsa ta cikin ƙiftawar ido. Idan tsatsar sama-sama ce, ka dunƙule takardar alminiyam irin wadda ake naɗe nama da ita, ka jiƙa ta da ruwa, ka murza a hankali, sannan ka bi da man gogewa. Idan kuwa kurom ɗin ya riga ya fara ɓarewa, babu gogewar da za ta mayar da shi, sai dai a sake sabon lulluɓi ko a yi fenti mai jure zafi. Haka nan siraran ƙarafan da suke riƙe da da'irar ƙafa, yawancinsu zinki ne a kansu, kuma wanda ya goge su da sanfefa zai ga sun yi haske na mako biyu, damina tana sauka su yi ja.

Warwarewa da wankewa

Ba a goge sashe yana jikin babur. Ka zuba man inji a mazubi, ka kwance murfin, kuma tun da kusoshin murfin inji ba tsawonsu ɗaya ba, ka zana siffar murfin a kan kwali, ka huda, ka soke kowace kusa a gurbinta. Ka cire duk wata roba da boris da ke jikin sashen. Wanda ba ya cirewa ka rufe shi da salatif, domin garin sanfefa idan ya shiga boris ya gama da shi.

Wanki na farko da gazuwal ko kananzir ake yi da tsohon buroshi, a fili inda iska take kaɗawa. Na san da yawa suna wanki da esansi saboda saurin bushewa, amma a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi yake haura digiri 40, tururinsa yana bazuwa a ƙasa, kuma tartsatsi ɗaya daga wurin mai walda na kusa ya isa ya tayar da gobara. Bayan gazuwal sai a bi da ruwan omo mai ɗumi, a ɗauraye, a shanya. Kada ka kuskura ka jiƙa alminiyam a cikin sodar da ake dafa sabulu da ita. Tana cin alminiyam, tana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta, kuma murfin da aka bari a cikinta yakan fito baƙi ƙirin da ƙananan ramuka a jikinsa.

Yawancin murafan injin da suka fito daga masana'anta an fesa musu wani fenti marar launi domin kariya, shi ne wanda yake komawa rawaya yana ɓarewa da tsufa. Dole a cire shi duka, in ba haka ba zai riƙa toshe sanfefa yana dunƙulewa. Masu sayar da fenti suna da maganin cire fenti mai kauri, wanda ake shafawa da buroshi, a jira har fentin ya tattare, a kankare da ɗan itace ko roba mai tauri, ban da wuƙa. Ka sa safar hannu da tabarau, domin maganin yana ƙona fata.

A wannan mataki ne kuma za ka ware wuraren da ba za a goge ba har abada, wato fuskar da gaskit yake zama a kanta, da gurbin boris, da zaren kusa, da faifan birki, da kuma sandunan shoka na sama da suke shiga suna fita cikin roba. Fuskar gaskit idan ta rasa daidaitonta ko da kaɗan ne, inji zai riƙa yoyon mai, kuma babu sheƙin da zai rufe wannan aibi. Fikafikan silinda ma ka bar su yadda suke, in ka so ka goge bakinsu kawai, domin aikinsu shi ne fitar da zafi.

Aikin sanfefa

Ka sayi sanfefa baƙa mai jure ruwa, irin wadda masu fentin mota suke amfani da ita. A bayan kowace takarda akwai lamba, sau da yawa da harafin P a gabanta, wanda yake nuna ma'aunin Turai ne. Ƙaramar lamba tana nufin tsakuwa mai kaushi, babba kuma mai laushi. Jerin da nake bi a kan alminiyam shi ne 240, 320, 400, 600, 800, 1000, 1200, 1500, wani lokaci har 2000. A kasuwar Katako da shagunan kayan gini ana samun masu kaushi cikin sauƙi, amma daga 1000 zuwa sama wurin masu sayar da fentin mota za ka nema, kuma gara ka tattara jerin duka kafin ka fara, don kada rashin lamba ɗaya ya sa ka tsallake ta.

Lambar da za ka fara da ita ta danganta da halin da sashen yake ciki. Ka bi zanen da farcenka. Idan farce bai maƙale ba, 400 ta isa mafari. Idan ya maƙale, ka sauka zuwa 240. Idan kuwa babur ya taɓa faɗuwa, kwalta ta ci murfin ta bar gurzuwa mai zurfi, sai ka fara da magagari mai laushi ka kwantar da tudun da ke gefen gurzuwar, sannan 180. Ka'idar ita ce a fara da mafi laushin sanfefar da za ta iya yin aikin, domin duk zanen da sanfefa mai kaushi ta yi, kai ne za ka zauna ka cire shi daga baya.

Ka yanka takardar gida huɗu, ka jiƙa ta cikin bokitin ruwa mai ɗan sabulu na kamar minti 10, ta yi laushi. Kada ka riƙe ta da yatsu tsirara a kan fili mai faɗi, domin yatsu suna danna wuri uku ko huɗu ne kawai, sai ka ƙare da ƙarfe mai tudu da kwari wanda zai riƙa karkatar da hoton duk abin da ya haska a cikinsa. Ka yanko gindin tsohon silifa, ka naɗe sanfefar a jikinsa. Robar tana da taurin da zai daidaita fili, tana kuma da laushin da zai bi lanƙwasar murfi. A lunguna da kewayen ramin kusa, ɗan kara ko guntun tiyo da aka naɗe da sanfefa ya fi shiga.

Abin da ya fi kome muhimmanci shi ne alkiblar gogewa. Da lamba ta farko ka riƙa kai da komowa ta fuska ɗaya kawai, a ce daga hagu zuwa dama, har sai duk tsohon zane ya ɓace, fuskar ƙarfen ta zama layuka masu bin hanya ɗaya. Idan ka koma lamba ta gaba, sai ka juya sashen ka gitta waɗancan layuka, daga sama zuwa ƙasa. Ta haka idonka zai iya rarrabe zanen lambar da ta wuce da na wadda kake kai, kuma ba za ka matsa gaba ba sai layin ƙarshe na tsohuwar alkibla ya ɓace. Wanda yake gogewa a zagaye ba shi da hanyar sanin inda ya kwana. Tsakanin kowace lamba ka wanke sashen, ka zubar da ruwan bokitin ka sake sabo, domin tsakuwa ɗaya ta 240 da ta rage a cikin ruwa za ta iya maƙalewa a ƙarƙashin 1000 ta ja maka layi daga wannan gefe zuwa wancan.

Ruwan da yake zuba daga ƙarƙashin sanfefa zai fara da fari-fari, ya koma launin toka, ya yi kauri kamar kunu, kuma wannan garin alminiyam ne da ake cirewa. Idan ka ji takardar ta daina kamawa, tana sulɓewa kawai, ta mutu, ka sauya wata. Jiƙaƙƙen ƙarfe yana ɓoye zane, saboda haka ka share shi ya bushe, ka fita da shi rana, ka karkata shi ta yadda haske zai kwanta a jikinsa. Wata dabara mai amfani ita ce ka zizara tawadar babban alƙalamin nan da ake kira maka a duk fuskar kafin ka fara sabuwar lamba. Inda tawada ta rage bayan gogewa, nan ne rami ko zanen da sanfefa ba ta kai ba.

Na koyi wannan ne a hannun wani dattijo mai gyaran babura da na zauna a garejinsa shekarun baya. Na taɓa goge murfin kuloci da 320, na ga hannuna ya gaji, na ɗauki 800 na ci gaba, na kai shi inji ya yi ƙyalli, na kawo masa ina murna. Bai ce kome ba, ya fita da murfin bakin ƙofa, ya karkata shi a rana, sai ga layuka sun bayyana a ƙarƙashin ƙyallin kamar sawun tsintsiya a kan rairayi. Ya miƙo mini ya ce, «Yarona, 400 da 600 suna bin ka bashi, je ka biya su.» Na ce, «To, Baba,» na koma bakin bokiti, kuma yini guda aikin ya sake ci kafin layukan su fita.

Akwai iyakar da ya kamata a sani game da alminiyam na zubi. Murfin inji narkakken ƙarfe ne da aka ɗura cikin mazubi, kuma fatarsa ta waje ta fi cikinsa tauri da santsi. A ƙarƙashin fatar akwai ƙananan kumfar iska da suka daskare, irin waɗanda za ka gani a jikin tukwanen da maƙeran Katako suke zubawa daga tsofaffin gwangwanaye da sassan mota. Idan ka ci ƙarfen da yawa, waɗannan ramuka masu kama da sukar allura za su fara buɗewa, kuma ƙara gogewa ƙara buɗe wasu ne. Da zarar ka ga sun fara fitowa, ka dakata da mai kaushi, ka haƙura da ɗan tabon da ya rage. Sannan alminiyam na zubi yana da sinadarin silikon a cikinsa, shi ya sa haskensa yake da ɗan duhu idan aka gwada shi da na farantin alminiyam, kuma wannan ɗabi'ar ƙarfen ce.

Idan injin gogewa za ka yi amfani da shi, tsayawa a 600 ko 800 ya wadatar, domin faifai zai cire sauran. Idan da hannu za ka ƙarasa, sai ka kai 1500 ko 2000.

Gogewa da faifai

Injin da ya fi dacewa shi ne injin wasa wuƙa na kan tebur, wanda aka cire masa duwatsu aka sa masa faifan tsumma. A wutar lantarkinmu mai ƙarfin bolt 220 irin wannan inji yana juyawa kusan sau 2,850 a minti, kuma da faifai mai faɗin milimita 150 bakinsa yana gudun kusan mita 22 a daƙiƙa, wanda ya yi daidai da alminiyam. Ƙaramin injin yankan ƙarfe na hannu yana juyawa kusan sau 11,000 a minti, saboda haka kada a ɗaura masa faifan tsumma, zai tarwatsa shi ko ya ƙona ƙarfen. Wanda ba shi da injin tebur zai iya ɗaure injin huda a jikin tebur ya sa masa ƙaramin faifai, aikin zai yi jinkiri amma zai fita.

Faifan iri uku ne. Akwai mai tauri na zaren sisal, wato zaren wani tsiro da ake tufka igiya da shi, wanda ake amfani da shi a kan baƙin ƙarfe da inokis. Akwai na auduga da aka ɗinke shi a zagaye, shi ne na matakin farko a kan alminiyam. Akwai kuma na auduga sako-sako marar ɗinki, na ƙarshen aiki. Maganin gogewar yana zuwa ne a dunƙule kamar sandar sabulu, shi ya sa zan riƙa kiransa sabulu a aikin faifai, kuma launinsa ne yake nuna aikinsa. Mai launin ruwan ƙasa na cin zane ne a kan alminiyam da tagulla, fari na fitar da sheƙi ne, baƙi na cin baƙin ƙarfe ne, kore na ƙarasa inokis ne, ja kuwa na zinariya da azurfa ne. Idan ka rasa su a shago, ka tambayi maƙeran azurfa da ke aiki a ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata ko a gidan tarihi na Bubu Hama, domin su ma gogewa rabin sana'arsu ce, kuma suna iya nuna maka inda ake samu. Kowane launi da nasa faifan. Ka rubuta sunan launin a jikin faifan, ka ajiye kowanne a ledarsa, domin faifan farin sabulu idan ya taɓa sabulu mai launin ruwan ƙasa ko ƙura ya daina ba da sheƙi mai tsabta.

Kafin ka kunna inji ka duba jikinka. Ka cire rawani ko ɗan kwalin da ka naɗa a wuya, ka cire zobe da agogo da carbi, ka sa riga mai ɗame hannu. Ka sa tabarau da takunkumi mai kyau, domin zaren auduga da garin ƙarfe suna tashi, kuma wanda ya yi aikin sa'a ɗaya babu takunkumi zai ga baƙin da zai fito daga hancinsa. Kada ka riƙe sashe da tsumma, faifai yana fizgar tsumma tare da yatsun da ke cikinsa. Kada kuma ka gurza baƙin ƙarfe a wurin da garin alminiyam ya taru, domin garin alminiyam da tsatsa idan suka haɗu da tartsatsi suna kamawa da wuta mai tsananin zafi. Ka share wurin tukuna.

Ka kunna inji, ka dangana sandar sabulun a bakin faifan na daƙiƙa biyu kacal. Kaɗan-kaɗan akai-akai ya fi mai yawa lokaci ɗaya. Ka riƙe sashen da hannu biyu, ka kai shi ƙasa da tsakiyar faifan, inda faifan yake juyawa zuwa ƙasa, ta yadda in ya fizge sashen zai jefa shi ƙasa, ba fuskarka ba. Kada ka taɓa fuskantar da kaifin gefen sashe ga juyawar faifai. Ka riƙa farawa daga tsakiya kana fita zuwa gefe, sannan ka juya sashen ka yi ɗaya ɓangaren. Hannun birki da ƙananan sassa su ne faifai ya fi fizga, saboda haka ka ɗaure su da kusa a jikin ɗan katako ka riƙe katakon. Shimfiɗa tsohon bargo ko kwali a ƙasan inji yana ceton sashen da ya suɓuce.

Da sabulu ruwan ƙasa, ka danna da matsakaicin ƙarfi kana jan sashen sama, wato kana saɓa wa juyawar faifan, kuma kada ka tsaya wuri ɗaya. Alminiyam yana ɗaukar zafi da sauri, kuma idan ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, ka ajiye shi ya huce ka ɗauki wani. Idan ka ga baƙin maiƙo yana mannewa a jikin ƙarfen, sabulun ya yi yawa. Idan bakin faifan ya yi tauri yana ƙyalli, garin ƙarfe ya toshe shi, sai ka tsefe shi da tsohon zarto da ka riƙe gam da hannu biyu yayin da yake juyawa. Bayan wannan mataki ka share sashen da tsumma mai ɗan kananzir, ka sake fita da shi rana. Duk layin da ka gani yanzu ba zai fita da farin sabulu ba, ka koma wa sanfefa a wurin, daga lambar da za ta iya cire shi, ka sake hawowa.

Mataki na ƙarshe da faifai sako-sako da farin sabulu ake yi, ba tare da dannawa ba, kana bin alkiblar juyawar faifan. A nan ne duhun da ya rage yake washewa har ka fara ganin fuskarka da rufin rumfa a cikin murfin. Inokis hanya ɗaya yake bi, sai dai ya fi tauri, don haka yana farawa da sisal da baƙin sabulu, ya ƙare da kore, kuma kada ka taɓa shi da soson ƙarfe ko faifan da ya goge baƙin ƙarfe, domin ɓurɓushin da zai bari a jikinsa shi ne zai fito da ɗigon tsatsa daga baya.

Wanda zai ƙarasa da hannu, bayan 2000 sai ya ɗauki man gogewa irin Autosol na Jamus, ya lakato kaɗan a tsumman auduga mai laushi, ya murza har tsumman ya yi baƙi, ya share da wani mai tsabta, ya maimaita sau uku ko huɗu. Baƙin da ya maƙale a lungu da cikin rubutun da ke jikin murfi yana fita idan aka barbaɗa garin alli ko na sitaci aka bi da tsohon buroshin haƙori.

Mayarwa da kiyayewa

Ka wanke kowane sashe da ruwan sabulu ciki da waje, musamman cikin murfin inji da hanyoyin mai, domin abin da ya goge ƙarfe a waje zai ci shi a ciki idan ya gauraya da man inji. Ka sa sabon gaskit, ka ɗaure kusoshi a gicciye kaɗan-kaɗan, kuma ka lulluɓe sashen da tsumma yayin ɗaurewa don kada sifana ta zame ta zane shi. Idan ka sauya kusoshin murfi da na inokis saboda kyau, ka shafa wa zarensu ɗan giris don kada su cije a cikin alminiyam, amma kusoshin birki da na ƙafa da na shoka ka bar na asali, domin inokis na kasuwa bai kai su ƙarfi ba.

Alminiyam yana haɗuwa da iska nan take ya yi wata siririyar fata, ita ce take rage haskensa sannu a hankali. Busasshiyar iskar Yamai tana taimakawa, domin ba mu da gishirin bakin teku, saboda haka na fi son barin alminiyam tsirara da shafen kakin goge mota a kan a sake fesa masa fenti marar launi, wanda yake dusar da sheƙi kuma zafin inji yake mayar da shi rawaya. Baƙin ƙarfe da aka goge kuwa dole a rufe shi da fenti marar launi ko a riƙa shafa masa mai, in ba haka ba ruwan Agusta zai sa shi tsatsa cikin ƴan kwanaki.

Babban abin da yake ɓata aikin a nan shi ne ƙurar hunturu. Ƙurar tana ɗauke da ƙwayoyin rairayi da suka fi alminiyam tauri nesa ba kusa ba, kuma wanda ya share ta da busasshen tsumma da safe tamkar ya bi murfin da sanfefa ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ka riƙa kwarara ruwa a kan sassan tukuna, bayan inji ya huce, ƙurar ta sauka da kanta, sannan ka tsane da tsumma mai laushi wanda ba ka taɓa ajiye shi a ƙasa ba. Shafen man gogewa sau ɗaya a wata da kaki a bayansa ya isa a lokacin rani, da damina kuwa ka ƙara da tsane babur duk ranar da ruwa ya dake shi, kuma ka duba ƙasan murfin inji da bayan ƙafafun shoka, inda laka take maƙalewa ta bushe.